Gudun Kandi, Surukina Yana Shaida

Tun da na dawo daga Kandi ta ƙasar Benin mutane ba su bar ni na huta da tambaya ba. Wanda ya kawo injin ban-ruwa gyara sai ya gyara zama a kan benci ya ce in ba shi labarin gudu. A wurin suna a tambaye ni, a wurin zaman makoki ma a tambaye ni. Kowa da inda yake so in fara, wasu kuma sun ɗauki labarin sun zuba masa gishiri, har na ji an ce wai na tsere wa mota. Ban tsere wa kowa ba. Yanzu da shekaru suka ja, kuma wasu daga cikin waɗanda aka yi abin da su sun riga mu gidan gaskiya, na ga ya kamata in rubuta shi daki-daki, farko a farko, ƙarshe a ƙarshe. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Sunana Manu, a Aliero nake zaune, sana'ata gyaran injin ban-ruwa. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka kada a nemi ado a rubutuna.

Zan fara da dalili. A daminar da ta biyo bayan yanke mu daga Sakkwato, lokacin ana ta murnar mun samu jiharmu, maiɗakina Hajo ta tafi Karaye wajen iyayenta da tsohon ciki. Mutanen garin sun daɗe da ɗora ɗaki biyu da aikin gayya don a turo musu ungozomar asibiti ta zauna, amma gini ya tsaya ba rufi, kuma ba mai zama a ɗakin da ruwa ke sauka a ciki. Da naƙuda ta tsananta aka ɗora Hajo a amalanke za a kai ta bakin titi. Ba a kai ba. Da ita da abin da ke cikinta aka rufe tare. Kwananta ne ya ƙare, wannan ban taɓa musunsa ba. Amma duk lokacin da na je Karaye gaisuwa na wuce ta gaban ginin nan na ga awaki kwance a ciki, sai abinci ya fita raina har in dawo gida.

Wanda ya kawo maganar gudu shi ne Na-Allah, abokina tun muna yara, direban babbar mota mai kai albasa Kwatano. Shi a cikin labaran ban dariya ya kawo ta. Ya ce a Kandi ma'aikatan wani asibiti suna shirya gudu duk shekara, manya da gemunsu suna gudu ba abin da ya koro su. Tsarin shi ne, kowane mai gudu zai bi mutanensa su yi masa alkawarin wani abu in ya kai ƙarshe, abin da aka tara kuma a zuba shi a aikin lafiya na garinsu. Nisan wurin, in ji shi, kamar daga Aliero zuwa Jega ne har da ɗan ƙari, kilomita ashirin da ɗaya. Aka yi dariya aka watse. Ni ban yi dariya ba. Da safe na same shi na ce ya rubuta sunana in ya koma.

Ya dube ni ya ce, "Manu, kai da ko kare ya biyo ka sai ka tsaya ka yi mai faɗa?"

Na ce ya rubuta dai.

Na biyu shi ne koyon gudun. Na sayi takalmin kambas na gwanjo mai igiya a kasuwar Jega, na riƙa fita bayan sallar asuba ta hanyar Kashin Zama. Ranar farko ban yi nisa ba na waiga na ga mutum huɗu a bayana, ɗaya da sanda, ɗaya da fartanya. Mai sandan ya cim mini yana haki ya ce, "Ina ɓarawon ya bi?" Da na ce ba ɓarawo, sai ya ce to gobara ce? Na ce gudu kawai nake yi. Suka tsaya suka dubi juna, sannan suka yi mini addu'ar samun sauƙi. Kafin azahar labari ya kai wa mahaifiyata cewa rashin Hajo ya taɓa mini kai, da maraice ta aiko da rubutu a ƙwarya. Na sha, don rubutu ba ya ɓata komai, washegari kuma na sake fita.

Sannu a hankali gari ya saba. Masu zuwa fadama suka koma ce mini, "A gaida mai gudu." Wani Bafulatani da nake wucewa ta gefen rugarsa kullum ya ce mini, "Kaɗo, kana taka ƙasa kamar kana jin haushinta. Rage taki." Na rage, gwiwata ta daina ciwo. Kafin lokacin cirar albasa na iya zuwa Jega da ƙafa in hau mota in dawo. Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin shi ne, a kan hanyar nan kaɗai nake iya tuna Hajo ba tare da ƙirjina ya toshe ba.

Na uku, neman gudummawa. A Aliero manoman albasa suka yi alkawarin buhuna in an cire, wasu don Allah, wasu don su ga ƙarshen abin. Wani mai ɗori ya ce shi gudummawarsa ita ce in na karye zai ɗora ni kyauta. A Maiyama kafinta Sambo ya ce katako da aikin hannu nasa ne. Saura kwanon rufi, wanda shi ne babban abu, kuma mutum ɗaya ne zai iya bayar da shi gaba ɗaya, Alhaji Atiku mai shagon kayan gini a Jega. Mutum ne mai kyauta, amma ba ya son a raina masa wayo. Na yi masa bayani a gaban mutanen da ke zama a ƙofar shagonsa, na ce in na kai ƙarshe za a ba ni takardar shaida.

Ya ce, "Takarda ba ta da ido. Wa ya san ko mota za ka shiga a tsakiya? Ni mutum nika so, wanda zai dawo shi ce mani ya gani da idonai. In ya ce ya gani, kwanon ɗaki biyu na kaina. In bai gani ba, ko ƙusa ba ni badawa."

Aka shiga neman wanda za a tura. Duk wanda aka ambata sai Alhaji ya ce wannan abokina ne, ko wannan da goro ɗaya za a saye shi. Can wani ya ce, "Malam Dikko na Karaye fa?" Alhaji ya buga cinya ya ce shi ke nan, mutumin da ko a cinikin akuya bai taɓa ɓoye aibi ba.

Malam Dikko mahaifin Hajo ne. Surukina.

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba sai na yi masa bayani. Tun da na auri Hajo ban taɓa cin abinci a gaban Malam ba, ban taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa tsayawa a gabansa da takalmi a ƙafata ba. In na hango shi, ko a tsakiyar kasuwa ne, zan tuɓe takalmi in durƙusa in gaishe shi har gaisuwa ta ƙare. Rasuwar Hajo ba ta rage wannan ba, ƙara shi ta yi. Na so in ce a sake wani, amma da wane baki zan ce ban yarda da surukina ba? Aka aika masa. Amsar da ya aiko gajera ce: "In don ɗakin nan ne, za ni."

Na huɗu, hanya. Muka tashi daga Jega a motar Na-Allah cike da albasa. Gaban motar na ɗaukar mutum biyu ban da direba, Na-Allah ya ce mu shiga. Na ce ni a sama zan zauna. Ya ce rana za ta gasa ni, na ce ta gasa. Haka na yi Kalgo, na yi Bunza, har Kamba a kan buhuna, ina warin albasa kamar miya. Duk inda aka tsaya salla sai in sauko ta bayan mota in tuɓe takalmi in zagayo in gaida Malam. Shi kuma ya ce, "A'a, bar takalminka, tashi, tashi," yadda manya ke faɗa, ni kuma in ƙi tashi, yadda ya kamata.

A iyakar Kamba muka shiga ƙasar Nijar. Wani jandarma mai Hausa a bakinsa ya dubi takardunmu ya tambayi abin da zai kai mu Benin. Na-Allah ya nuna ni ya ce, "Wanga gudu za shi yi, tsohon ga kuma kallo." Jandarman ya kira abokan aikinsa su zo su ji. Ɗaya ya tambaya ko a Najeriya fili ya ƙare ne da sai mun ƙetare ƙasa biyu. Malam bai yi dariya ba, ya ce musu, "Ba kallo za ni ba, shaida za ni." Jin haka suka daina wasa, suka miƙo takardu da hannu biyu.

A Gaya na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri har yana yanka dasashi. Mutum zai saƙale shi a hammata ya hau keke, ba leda ba takarda. A wurinmu abinci ba ya shiga hammata. Na saya na ɓuya a bayan tayar mota na ci, na ga ba laifi in an tsoma a shayi. Daga nan muka hau gadar Kwara, muka sake wata iyakar a Malanbil, inda aka nemi katin rigakafi. Ni ina da nawa. Malam ba shi da shi, saboda haka aka yi masa allura nan take a ƙarƙashin rumfa. Na juya na kalli kogi har aka gama, don bai kamata in ga damtsen surukina ba.

Na biyar, masauki. Na-Allah ya sauke mu a zangon Hausawa na Kandi, gidan Alhaji Mudi, wanda kakansa ya zo daga Argungu da fataucin goro bai koma ba. Na-Allah kuma ya wuce Kwatano don albasa ba ta jira, ya ce zai ɗauke mu a dawowa. Alhaji Mudi yana Hausa, amma rabinta Dandanci ne, yaren Dandawan wurin, kuma wasu al'adun sun zube masa a hanya. Don ya girmama mu sai ya sa mu ɗaki ɗaya, aka kawo sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cuku a kwano ɗaya. Na ce na ƙoshi. Da rana aka sake kawowa, na sake cewa na ƙoshi. Malam ma ya ɗan taɓa ya ture, don shi ma ba ya sakewa ina wurin. Uwargidan Alhaji ce ta gane, tsohuwa mai kaifin ido. Ta leƙo ta ce wa mijinta, "Kai dai ka zama Dandi ƙarewa. Suruki da suruki ka haɗa a kwano ɗaya?" Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta aiko mini da nawa kwanon. Ban taɓa cin abin da ya kai cukun nan daɗi ba, ko kuwa yunwa ce, Allah masani.

Abu ɗaya ya burge ni da mutanen wurin. Su ma suna durƙusa wa manya, har sun fi mu, don mai gaisuwa da wanda ake gaisarwa duka ke durƙusawa su yi ta gyaɗa kai suna wani gunaguni mai daɗi. Abin da bai burge ni ba shi ne mata a kan babur da kaya a ka, suna tuƙi da hannu ɗaya.

Na shida, ranar gudu. Da sassafe aka taru a filin ƙwallo. Akwai 'yan makaranta, akwai ma'aikatan asibiti maza da mata, akwai Turawa kaɗan jajaye kamar gauta. Aka ba ni gajeren wando na mayar, na ce da dogon wandona zan yi. Aka manna mini lamba a ƙirji kamar buhun da za a loda. Wani nas mai suna Isifu, wanda ya iya Hausa, ya yi mini bayanin doka. Za a bi jar hanya har wani ƙauye a juyo a dawo filin. Motar asibiti za ta biyo bayan na ƙarshe, in rana ta take kuma duk wanda ta cim masa yana tsaye ko yana zaune za a sa shi a ciki, nasa gudun ya ƙare. Na ce na ji.

Abin da ban sani ba shi ne shirin da Malam ya yi. Ni na ɗauka zai zauna a inuwa a fili ya jira dawowata. Shi kuwa a wurinsa shaida ba ta yiwuwa da ganin ƙarshe kaɗai, tunda abin da Alhaji Atiku ke tsoro a tsakiya yake. Ya sa Alhaji Mudi ya ɗauko masa ɗan acaɓa na yini guda.

Aka busa usur muka tashi. Na rage taki yadda Bafulatanin nan ya ce, na bar yara suka wuce, na san zan same su a gaba. Jikina ya saki, numfashina ya daidaita. Mun fita gari kaɗan sai na hango farar riga da rawani a gindin wata kaɗanya, babur a gefe. Malam ne, tsaye, ya harɗe hannu a baya yana duban hanya.

Ban yi shawara da kowa ba, ƙafata ce ta tsaya da kanta. Na kwance igiyar kambas, na tuɓe, na durƙusa.

"Baba, an kwana lahiya?"

"Lahiya lau. Tashi, tashi, bar takalmin."

"Ya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi. Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Madalla. Allah shi taimaka."

Na mayar da takalmi na ɗaure na ci gaba. Wata Baturiya da ke bayana ta tsaya tana miƙo mini ruwa, ta ɗauka faɗuwa na yi. Mutanen ƙauyen da ke bakin hanya kuwa suka yi ta tafi, don su sun gane abin da suka gani. Ban daɗe ba na ji babur ya wuce ni, rawani na kaɗawa. Na yi addu'a a raina Allah ya sa fili ya koma. Da na sha wata kwana, ga shi a gindin wata bishiyar.

Haka muka yi ta yi. Ban ƙidaya ba, amma duk inda hanya ta lanƙwasa yadda ba zai hango ni ba, sai ya wuce gaba ya tsaya. Ba gaisuwar ce ke cin lokaci kaɗai ba. Wanda ya taɓa gudu mai nisa ya san abin da durƙuso ke yi wa cinyar da ta ɗumama, in ka tashi sai ka ji kamar an zuba mata siminti. Kafin mu juyo daga ƙauyen, waɗanda na wuce duk sun wuce ni, har da wani tsoho mai tumbi. A dawowa na fara jin ƙarar motar asibiti a bayana. Isifu ya leƙo ta taga ya ce, "Mutumin Najeriya, wane ne wannan da kake ta faɗuwa a gabansa?"

Na ce surukina ne.

Ya ce, "To ka ɗaga masa hannu mana ka wuce."

Na ci gaba da gudu. Ba laifinsa ba ne, ba a haife shi a wurinmu ba.

A tsayawar da ta biyo baya na durƙusa na gaida Malam, da na zo tashi ƙafa ta ƙi. Na dafa ƙasa na yunƙura na koma. Na sake yunƙurawa na faɗi a gefe ɗaya, jar ƙasa ta shafe mini fuska, a gaban surukina. Ya ce, "Tashi, ba sai ka tsaya ba," amma wannan ita ce maganar da yake faɗa mini tun ranar da aka ɗaura aurena, ba ta da wani nauyi na daban da zan gane. Na samu na miƙe. Na ga ya dubi ƙafata, ya dubi motar, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya taɓa kafaɗar ɗan acaɓa suka tafi.

Daga nan ban sake ganinsa a gindin bishiya ba. Na shigo gari ina jan ƙafa, rana ta take, motar tana bina kamar saniya da ɗan maraƙi. Isifu ya ce mini a hankali, "Ka ga ƙofar filin can. Na yi maka iya abin da zan iya. In ka sake tsayawa, likita ya ce in ɗauke ka."

Na ɗaga kai na dubi ƙofar. Ƙofa ce ƙarama, mutum biyu ba sa shiga tare. A bakinta, daidai inda dole in bi, ga farar riga da rawani. Ya zo ya ga ƙarshe da idonsa, kamar yadda aka aiko shi.

Zan faɗi gaskiya yadda take. Na tuna ginin Karaye da awakin da ke ciki, na tuna kwanon Alhaji Atiku, na san in na durƙusa ba zan tashi ba sai a cikin mota. Duk da haka na fara rage gudu, hannuna ya fara sauka wajen igiyar takalmi. Ban iya wuce uban Hajo a tsaye ba, ko da me za a rasa.

Sai Malam ya juya. Ya ba hanya baya, ya fuskanci katangar filin har goshinsa ya kusa taɓa ta, ya ja gefen rawani ya rufe fuska. Mutumin da ya fuskanci bango ba a gaishe shi, kowa ya san wannan. Na wuce ta bayansa, kusa har rigarsa ta taɓa hannuna. Na shiga fili, aka buga ganga, wata mata ta rataya mini wani abu a wuya, na zauna a ƙasa. Ni ne na ƙarshe da ya shigo da ƙafarsa.

Na bakwai, dawowa. A hanya ba wanda ya tayar da maganar. Na koma saman mota, wannan karon a kan buhunan garin rogo, Malam yana gaba. Sai da muka wuce Bunza abin ya faɗo mini: an aiko shi ya gani, kuma bai gani ba. Na san halinsa. Daga nan har Jega ban ji daɗin zama ba.

Ranar kasuwa aka taru a ƙofar shagon Alhaji Atiku, har da Sambo kafinta da wasu manoman Aliero. Na miƙa takardar da aka ba ni, da Faransanci aka rubuta ta, Alhaji ya juya ta sama da ƙasa ya ajiye. Ya ce, "Malam, kai muka aika. Ka gani?"

Malam ya ce, "Na ga tahiyatai, na ga juyowatai, bai shiga mota ba. Shigatai cikin fili ban gani ba."

Na-Allah ya fara cewa ai ga takarda, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Kana ina ba ka gani ba?"

"Ina bakin ƙofa. Na ba da baya."

"An kai ka ƙasa biyu don ka duba, ka kai bakin ƙofa ka ba da baya?"

"Awo."

"Don mi?"

Malam bai dube ni ba, ni ma ƙasa nake kallo. Ya ce, "In na dube shi, tsayawa za shi yi. Yaron ga bai taɓa wuce ni da takalmi ba. Na ji takunai a bayana, na ji numfashinai, na ji an buga ganga. Abin da kunnena ya ji ke nan. Ido kuwa bai gani ba, ba ni cewa ya gani."

Alhaji Atiku ya daɗe yana murza carbi. Wani daga cikin 'yan zaman shagon ya ce ai sharaɗi sharaɗi ne, ido aka ce. Alhaji ya juya ya ce masa, "Kai da ko ƙusa ba ka sa ba, rufe mana baki." Sannan ya leƙa cikin shago ya ce a fito da kwano, mai kaurin, ba wanda ke gaba ba.

Kafin ruwan farko aka yi rufin. Manoman Aliero suka sayar da albasarsu aka sayi ƙofofi da siminti, Sambo ya zo da katako da mutanensa, ni ma na hau sama ina miƙa kwano ina buga ƙusa. Da hantsi na hango Malam yana tahowa daga cikin gari. Na ajiye guduma na nufi tsani zan sauko. Kafin in sa ƙafa a matakin farko ya kauce ya nufi gindin wata bishiyar bedi, ya shimfiɗa buzunsa, ya zauna yana fuskantar gona, bayansa na wajenmu. A nan ya yini yana jin ƙarar guduma har muka buga ƙusa ta ƙarshe.

Allah ya jiƙan Malam Dikko, ya jiƙan Hajo da abin da ta tafi da shi, ya jiƙan Alhaji Atiku. Wannan shi ne labarin yadda ya faru, ban rage ba, ban ƙara ba.